Maganin Da Ke Shigowa Gidanki

Yau maganarmu a kan magani ce, watau ƙwaya da kafso da ruwan kwalba da allura, na mutane da na dabbobi, waɗanda ke shigowa gidajenmu kullum. Zancen ya shafi kowace mace, amma ya fi shafarku, ku mutanen kudancin Kano, na ƙasar Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa, domin galibinku kuna nesa da birni, sau da yawa kuma mai kemis ko mai tallan magani ya fi likita kusa da ku.

Ki duba ki gani, uwargida. In yaro ya kwana da zazzaɓi, wa ke fara jin zafin jikinsa? Ke ce. Wa ke kwance bakin zane ta ba yarinya kuɗi ta ce, "Maza je ki kemis ki ce a ba ki maganin zazzaɓi"? Ke ce. Wa ke aunawa ta ɗura wa yaro? Ke ce dai. Haka nan in kaza ta fara gyangyaɗi, ko akuya ta kama zawo, ke ce mai jiƙa musu magani, gama ƙananan dabbobin gida galibi na mata ne. Gwamnati ta kafa dokoki, ta sa ma'aikata su tsare hanyar da magani ke bi tun daga inda aka yi shi har kantin da ake sayar da shi. Amma ma'aikacin Gwamnati iyakarsa zaure. Daga zaure zuwa bakin yaro babu sauran mai tsaro sai ke. Saboda haka ya kamata ki san abin da dokar ta ce, da abin da ya sa aka yi ta, da abin da ya rage a wuyanki.

Mafarin dokar

Kowace doka tana da mafari, mafarin wannan kuwa mai ban tausayi ne. A shekarar 1990 yara fiye da 100 suka mutu a Jos da Ibadan bayan an ba su ruwan farasitamol, maganin nan na zazzaɓi da kowa ya sani. Da aka bincika sai aka tarar an haɗa shi da wani ruwa mai guba da ake kira dayetilin gilaikol. Ruwan nan na masana'antu ne, irin wanda ake sawa cikin man birkin mota. Yana da kauri da ɗan zaƙi, ya yi kama ƙwarai da ruwan kirki da ake dama maganin yara da shi, ga shi kuma ya fi shi araha. In ya shiga jiki ƙoda yake kashewa. Yaro ya yi ta amai da zawo, sa'an nan fitsari ya ɗauke, cikin 'yan kwanaki sai rai ya yi halinsa.

Tun 1974 akwai dokar abinci da magunguna a Nijeriya, amma wani sashe ne na Ma'aikatar Lafiya ke riƙe da ita, aikin kuwa ya fi ƙarfinsa. Sai a 1993 Gwamnatin Tarayya ta yi Doka ta 15, ta kafa hukuma ta musamman, watau Hukumar Kula da Ingancin Abinci da Magunguna, wadda aka fi sani da NAFDAC. Ta fara aiki a farkon 1994. An ɗora mata kula da yin magunguna, da shigo da su, da tallarsu, da rarraba su, da sayar da su, na mutane da na dabbobi duka, har da abincin gwangwani da ruwan leda da man shafawa.

Wadda ta fito da sunan hukumar nan mace ce 'yar'uwarku, Dora Akunyili, wadda ta shugabance ta daga 2001 zuwa 2008. Ita kanta ta rasa 'yar'uwarta a 1988 ta dalilin jabun allurar ciwon sukari. Da ta kama aiki sai ta shiga ƙona jabun magunguna a bainar jama'a, har a watan Disamba na 2003 'yan bindiga suka buɗe wa motarta wuta, harsashi ya huda ɗankwalinta, Allah ya yi da sauran kwananta. A 2017 kuma aka sake danƙa hukumar a hannun wata mace, Farfesa Mojisola Adeyeye.

Duk da haka ɓarna ba ta ƙare ba. A ƙarshen 2008 wani maganin haƙoran yara mai suna My Pikin, wanda wani kamfani a Legas ya yi, ya fito da irin gubar nan ta 1990. Kafin farkon 2009 yara 84 sun mutu, waɗansunsu a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, nan kusa da ku. A 2013 kotu ta ɗaure ma'aikatan kamfanin biyu shekara 7 kowannensu. A 2022 kuma yara wajen 70 suka mutu a ƙasar Gambiya saboda ruwan maganin tari da aka kai can daga Indiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2017 cewa a ƙasashe masu tasowa, cikin kowane magani 10, guda ɗaya jabu ne ko kuwa maras inganci.

Tun da zancen haƙori ya zo, bari in faɗa miki. Fitowar haƙori ba cuta ba ce, ba ta bukatar kwalba. In goyonki yana zawo ko zazzaɓi mai zafi, kada ki ce haƙori ne ki zauna. Kai shi asibiti.

Hanyar da magani ke bi

Kafin a yarda a sayar da magani a ƙasar nan, tilas mai shi ya kai wa NAFDAC takardu da samfuri. Ma'aikatanta su duba masana'antar, su ga tsabtarta da injunanta da inda take sayen kayan haɗi. Sa'an nan a kai samfurin ɗakin bincike, irin na Yaba a Legas ko na Kaduna, a auna a ga ko abin da aka rubuta a jikin kwali shi ne a ciki, kuma gwargwadon yadda aka faɗa. In ya ci jarrabawa sai a ba shi lambar rajista, wadda ke aiki shekara 5 kafin a sabunta ta. Mafi yawan magungunan da muke sha daga waje ake kawo su, musamman Indiya da Sin, don haka hukumar ta sa ma'aikata a tashoshin jiragen ruwa da na sama, har da filin jirgin sama na Malam Aminu Kano. Masu fasa-ƙwauri kuwa suna kauce wa waɗannan ƙofofi su bi ta daji, kayansu ba sa ganin idon kowa.

A watan Maris na 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta auna aikin NAFDAC, ta sa ta a mataki na 3 cikin matakai 4, watau ta shaida tsarinta ya kafu, yana aiki. Wannan abin farin ciki ne. Amma ƙasa tana da faɗi, ƙauyuka da yawa, ma'aikata kuwa kaɗan ne.

Akwai hukuma ta biyu da ya kamata ki sani, ita ce Majalisar Kula da Harhaɗa Magunguna ta Nijeriya, PCN, wadda aka sabunta dokarta a 2022. NAFDAC magani take dubawa, PCN kuwa mai sayarwa da kantinsa. Ita ke ba da lasin ga masanan haɗa magani waɗanda suka yi karatun jami'a, ita ke ba da shi kuma ga masu ƙananan kemis na unguwa. Likitocin dabbobi su ma suna da tasu majalisar da ke yi musu rajista. Miyagun ƙwayoyi masu sa maye kuwa, wannan aikin hukumar NDLEA ne, wadda aka kafa a 1989.

Daga Sabon Gari zuwa Ɗangwauro

Shekara da shekaru, mai kemis na Tudun Wada ko na Riruwai in zai saro kaya, kasuwar Sabon Gari yake nufa a Kano, ko Malam Kato da titin Neja. A can akwai 'yan kasuwa masu gaskiya, akwai kuma waɗanda ba su da ita, duk a cakuɗe. Kwalaye jibge cikin rumfunan kwano masu zafi, ba a san inda wani kaya ya fito ba, in kuma an gano wani magani mai illa babu littafin da za a duba a ga wa aka sayar wa.

Saboda haka Gwamnatin Tarayya ta tsara cewa sarin magani ya bar kasuwannin da kowa ke shiga, ya koma cibiyoyi na musamman inda hukuma ke sa ido. Ta Kano an gina ta a Ɗangwauro, a kan hanyar Zariya, hanyar da da yawanku ke bi in za ku birni. 'Yan kasuwa suka ƙi tashi, magana ta kai kotu. A watan Fabrairu na 2024 Babbar Kotun Tarayya a Kano ta ce su koma, NAFDAC da PCN kuma suka rufe shaguna fiye da 1,300 a Sabon Gari da kewaye.

Ina amfanin wannan a gare ki? Amfaninsa shi ne magani ya zama yana da sawu. In ya fito daga dillali mai lasin, da rasit, to in wani abu ya faru ana iya bin sawunsa baya har masana'anta, a kuma bi shi gaba a tattaro sauran kafin su shiga bakin waɗansu yara. Ba laifi ba ne maigidanki ya tambayi mai kemis ɗin garinku inda yake saro kaya. Mai gaskiya ba zai ji haushi ba.

Kemis da mai talla

Mai ƙaramin kemis doka ta yi masa iyaka. An yarda ya sayar da magungunan yau da kullum waɗanda ba sa bukatar takardar likita, cikin kwalinsu ko sacet ɗinsu yadda masana'anta ta rufe su. Ba a yarda ya yi allura ba, ko ya sa ƙarin ruwa, ko ya kwantar da mara lafiya a bayan labule. Lasin ɗinsa kuma ya kamata ya kasance a rataye inda kowa zai gani. Da yawa cikinsu mutanen kirki ne, suna taimako ainun inda asibiti ya yi nisa, wanda ya fi kirki a cikinsu kuwa shi ne wanda zai ce miki, "Wannan ya fi ƙarfina, ku tafi asibiti."

Mai talla kuwa, wanda ke yawo da faranti a ka ranar kasuwa, ko ya tsaya a tasha da lasifika, ba shi da matsayi a doka ko kaɗan. Dokar jabun magunguna ta 1999 ta hana sayar da magani a kasuwa, da tashar mota, da bakin titi, da cikin mota. Ta kuma yanke wa mai yin jabu ko sayar da shi tara, ko ɗaurin shekara 5 zuwa 15, ko a haɗa masa duka biyu.

Kila ki ce ai maganin da ke farantinsa iri ɗaya ne da na asibiti, ga shi da araha. To, ko da na ainihi ne, rana ta riga ta gama da shi. Dubi jikin kwali, galibi za ki ga an rubuta a ajiye shi inda zafi bai wuce digiri 30 ba. Mu kuwa da bazara zafinmu yakan haura 40. Ƙwayar da ta yi makonni tana shan wannan rana kamanninta suna nan, amma ƙarfinta ya ragu. Araha ba ta ado.

Akwai ma waɗanda sanyin firji suke bukata. Allurar oksitosin, wadda ake yi wa mai haihuwa don tsayar da jini bayan ta sauka, tana cikinsu. Wani bincike da aka yi a Nijeriya a 2016 tare da NAFDAC ya nuna wajen uku cikin huɗu na samfurin allurar nan da aka auna ba su kai ƙarfin da ya kamata ba. Zubar jini kuwa yana cikin manyan abubuwan da ke kashe mata wajen haihuwa. Saboda haka, mai ciki, kada ki yarda wani ya zaro allurar naƙuda daga aljihu ya yi miki a ɗaki. Je ki awo, ki haihu inda akwai ungozoma mai ilmi da wurin ajiya mai sanyi.

Abubuwa shida da za ki duba

Na farko, lambar rajista. Nemi inda aka rubuta NAFDAC Reg. No., da haruffa da lambobi a gabansa. Maganin da ba shi da ita, mayar da shi. Amma ki sani ɓarayi suna iya buga lambar ƙarya, don haka kada ki tsaya nan.

Na biyu, ranar lalacewa. Haruffan MFG suna nuna lokacin da aka yi shi, EXP kuwa lokacin da ya daina aiki. In kin ga EXP 08/2027, to daga ƙarshen watan Agusta na 2027 ya tashi daga aiki. In an kankare wurin, ko an manna wata takarda a kai, akwai lauje cikin naɗi.

Na uku, lambar rukuni, wadda ake rubutawa Batch No. ko Lot. Masana'anta tana yin magani ne tukunya tukunya, kamar yadda kike dafa abinci, kowace tukunya da lambarta. Tukunya ɗaya tana iya ɓaci sauran suna lafiya. In hukuma ta yi shela a rediyo cewa a daina shan wani magani, wannan lamba take faɗa. Don haka kada ki yar da kwali sai magani ya ƙare.

Na huɗu, sunan masana'anta da adireshinta, da murfi. Murfin kwalba ya zo a rufe da zobensa bai tsinke ba. Ƙwayar da ta canza launi, ko ta yi laushi, ko take marmashewa, da ruwan da ya yi gudaji, duk abin yarwa ne.

Na biyar, wurin kankarewa. Tun 2010 NAFDAC ta kawo wata dabara, musamman ga maganin zazzaɓin cizon sauro da na kashe ƙwayoyin cuta. Za ki ga wani ɗan wuri mai ruwan azurfa a jikin kwali kamar na katin waya. Kankare shi, ki aika lambar da ta bayyana ta saƙon waya zuwa lambar da aka rubuta a gefe. Kyauta ne, nan da nan amsa za ta zo, ko na ainihi ne ko kuwa a'a. Tun a kanti ya kamata a yi wannan, kafin a biya kuɗi.

Na shida, ki guji haɗi. Ka ga an aiki yaro da 'yan canji, ya dawo da ƙwayoyi biyar ko shida a ƙulle cikin leda, fara da ja da rawaya, ba suna ba kwali. Wannan duk abubuwa biyar ɗin da muka lissafa babu ko ɗaya da za ki iya dubawa a jikinsa. In ya yi wa yaro illa, ko likita ba zai san abin da ya sha ba balle ya san makarinsa.

Ƙasarku ta fi sauran ƙasar Kano samun ruwan sama, ga madatsar ruwa ta Tiga da fadamun shinkafa, saboda haka sauro ya samu wurin zama. To, ki sani tun 2005 Nijeriya ta bar kulorokwin a matsayin maganin zazzaɓin cizon sauro, domin ƙwayar cutar ta saba da shi. Wanda ake bayarwa yanzu shi ne haɗin nan da ake kira ACT, wanda aka fi sani ana shansa sau 6 cikin kwana 3. A fara yin gwajin jini tukuna, gama ba kowane zazzaɓi ne na sauro ba. In an fara kuma a shanye duka, kada a ga yaro ya tashi yana wasa a ajiye sauran don wani ƙaninsa. Ruwan magani kuma da ɗan kofin da ya zo da shi ake aunawa, cokalin shayi kowane gida da girman nasa.

Kodin da 'yan'uwansa

Akwai maganin da ba jabu ba ne, amma ya fita daga hannun likita ya shiga ɗakunan mata. Ruwan maganin tari mai kodin ya yi ɓarna a Kano, har cikin matan aure da 'yan mata, ana ɗura shi cikin kwalbar lemo a sha a gidan biki. Bayan da gidan rediyon BBC ya nuna wani fim na bincike a kan wannan, sai Gwamnatin Tarayya ta hana yinsa da shigo da shi a farkon watan Mayu na 2018. Tiramadol kuma, wanda ake kira taramol, wanda doka ta yarda da shi shi ne mai lamba 50 da mai 100, shi ma sai da takardar likita. Mai 200 da mai 225 kayan fasa-ƙwauri ne. In kin tsinci irinsa a aljihun ɗanki wajen wanki, kada ki rufa, gaya wa mahaifinsa a nemi taimako tun da wuri.

Ku 'yan mata masu son ƙiba kafin aure, ku yi hattara da ƙwayar nan da ake kira sha ka fashe. Sau da yawa deksametason ne a ciki, magani mai ƙarfi wanda likita ke bayarwa da awo don waɗansu cututtuka. Abin da yake kawowa kumburi ne. Fuska ta cika, ciki ya fito, ƙafafu su sirance, daga baya ga hawan jini da ciwon sukari da raunin ƙashi. Wadda ta daɗe tana sha kuma kada ta yanke shi dare ɗaya, wannan ma haɗari ne, ta je likita ya rage mata sannu sannu.

Maganin gargajiya na kwalba, da kayan mata da dillaliya ke shigowa da su, su ma doka ta hau kansu. Wanda NAFDAC ta duba za ki ga lambarsa ta ƙare da harafin L. Ma'anar wannan an gwada an ga ba shi da guba, amma hukuma ba ta shaida yana warkar da abin da mai shi ke faɗa ba. Kwalba ɗaya da aka ce tana maganin basir da sanyi da shawara da rashin haihuwa gaba ɗaya, ke ma kin san da sake.

Kaji da awaki da shanu

Yanzu mu leƙa bayan ɗaki, wurin akurki da turke. Maganin dabba shi ma tilas ya zama da lambar NAFDAC da ranar lalacewa, daidai da na mutum. Amma yana da wani abu guda da na mutum ba shi da shi, watau kwanakin jira. In an yi wa saniya ko akuya allura, ko an sa wa kaji magani a ruwa, maganin yakan zauna cikin nama da nono da ƙwai na waɗansu kwanaki. An rubuta yawan kwanakin a jikin kwalba. Kafin su cika ba a yanka dabbar, ba a shan nononta, ba a cin ƙwan kazar, ba a kuma kai su kasuwa. Ke mai kiwon ragon Salla, ki lissafa kwanakin nan kafin ranar sayarwa. Ke kuma 'yar'uwa Bafulatana ta rugagen gefen dajin Falgore, in an yi wa saniya allura ki ware nononta daga ƙwaryar talla sai kwanakin sun wuce. Yaran mutane ne za su sha.

Me ya sa aka matsa a kan wannan? Ga dalili. In mutum yana shan maganin kashe ƙwayoyin cuta kaɗan kaɗan ta cikin abinci, bai isa ya kashe su ba, sai dai ya koya musu jurewa. Ran da ciwo na gaske ya zo, a ba da maganin ya ƙi ci. Haka nan in kika fasa kafso ɗin nan mai ja da rawaya kika zuba wa kaji a kasko duk sanda kika ga dama, horar da cuta kike yi a tsakar gidanki, inda 'ya'yanki ke rarrafe.

Annobar nan da ke share akurki da hunturu, wadda likitocin dabbobi ke kira Niyukasil, kafso ba ya yi mata komai, gama irin ƙwayar cutar da ke kawo ta ba ta jin wannan magani. Rigakafi ne kaɗai ke tare ta, tun kaji suna da lafiya. Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom kusa da Jos, wadda aka kafa a 1924, tana yin wannan rigakafi, da na annobar awaki da tumaki, da na ciwon huhun shanu. Ku haɗu ku matan unguwa, ku sa mazajenku su yi magana da malamin dabbobi na ƙaramar hukuma, domin kwalba ɗaya tana isar kaji masu yawa, in an buɗe ta kuma ba ta ajiyuwa. Kada ku raina rigakafi. Tambayi tsofaffi labarin bushiya, wadda ta karkashe shanun ƙasar nan a 1983. Da rigakafi aka yaƙe ta, har a 2011 aka yi shelar ta ƙare a duniya baki ɗaya.

Maganin dabba kuwa na dabba ne. An auna shi ne da nauyin sa ko rago, kada mutum ya sha shi ko ya yi allurarsa, ko wane ne ya ba da shawarar. A ajiye shi nesa da na mutane, nesa da kayan miya, inda hannun yaro ba ya kaiwa.

In kin ga abin da ba ki yarda da shi ba

In yaro ya sha magani sai jikinsa ya yi ƙuraje, ko fuska ta kumbura, ko numfashi ya yi wuya, ko ya yini bai yi fitsari ba, tsayar da maganin nan take, ki ɗauki yaron da kwalbar da kwalinta ku tafi asibiti. Ma'aikatan lafiya suna da wata takarda rawaya da suke cikawa su aika wa NAFDAC, hukumar kuma tana da ofis a Kano. Kada ki ce ke wace ce da za a ji maganarki. Hukuma ba ta sanin magani ya ɓaci sai wani ya kai labari. Kwalba ɗaya da kika kai tana iya tsirar da yaran da ba ki taɓa gani ba. Ki kuma riƙa sauraron rediyo, in an yi shelar janye wani magani ki duba cikin kwallarki, ki gaya wa maƙwabta. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Ku kuma 'yan makaranta, ga aikinku. Da yawa cikin iyayenmu mata ba su yi boko ba, rubutun jikin kwali kuwa ƙanana ne, da Turanci. Ke da Allah ya ba ki karatu, in an aike ki kemis kada ki karɓa ki juyo a guje. Tsaya ki karanta. Dubi lamba, dubi EXP, kankare ki aika, ki tambayi mai kemis sau nawa ake sha a rana, kafin abinci ko bayansa, kwana nawa. In kin dawo gida ki bayyana wa Inna da ladabi. Yau ma in kin gama karanta wannan fili, nemi izininta ku fito da duk magungunan da ke ɗaki, ku ware waɗanda suka lalace da waɗanda ba su da suna, a kai wa malamin asibiti ya san yadda zai yi da su. Kada a zuba su a juji inda yara da awaki ke tono.

Lafiya uwar jiki. Allah ya raya mana zuriya, ya albarkaci abin kiwonmu, ya tsare mu daga mugun magani. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.